Muryar Anti kan yaran da Baba yake gani a ɗaki

Ga muryar da Anti ta tura jiya da daddare, na mayar da ita rubutu saboda su Kawu da suka ce ta ƙi buɗuwa a wayarsu.

Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da dare. Yaya na ji saƙonki tun la'asar, ina bakin aiki ne layi ya yi mana yawa, kuma maganar ba ta a tsaitsaye ba ce shi ya sa na bari sai da na dawo gida na zauna. Don Allah a yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo.

Saboda waɗanda ba su saurari ta Yaya ba, cewa ta yi wajen wata 2 kenan Baba in magariba ta kawo jiki yana zaune shi kaɗai a ɗaki sai ya ce yana ganin wasu yara ƙanana, tsayinsu bai kai gwiwa ba, da huluna a kansu, sun jeru a bakin tabarma, wani lokacin kuma bango ne yake cika masa da zane-zane kamar na atamfa. Ba sa magana, ba sa taɓa shi, kuma shi da bakinsa yake cewa ya san ba kowa a ɗakin. Sallarsa lafiya, lissafinsa lafiya, jikoki duk yana kiran kowa da sunansa. To shi ne take tambaya wai taɓin hankali ne ya fara ko shafar aljanu ce, Kawu kuma ya ce a nemo mai ruƙiyya.

Yaya ki kwantar da hankalinki. Yadda kika siffanta abin nan wallahi na sha jin irinsa a bakin tsofaffi a sashen ido, kuma abin da na fi zato idon Baba ne da ya yi rauni ya jawo. Amma in na ce miki haka kawai za ki ce ta yaya raunin ido zai sa mutum ya ƙara ganin abu maimakon ya rage, to dole sai na ɗan faro daga yadda gani yake aukuwa tun asali.

Mu dai mun taso muna ɗauka ido kamar kyamara yake, ya ɗauki hoto ya miƙa wa ƙwaƙwalwa ita kuma ta kalla. Ba haka abin yake tafiya ba. Ƙwaƙwalwa tana cikin ƙoƙon kai a rufe cikin duhu, haske bai taɓa shiga inda take ba tunda aka haifi mutum, abin da yake isa gare ta saƙo ne kawai ta jijiya, ɗan tsinke-tsinke, wani ya zo da gutsure wani ya zo a makare. To da yake ba za ta zauna jira ba sai ta riga ta kintata, ta ce bisa abin da na sani, a irin wurin nan a irin lokacin nan ga abin da ya kamata ya kasance a gabana, sai ta gwada da saƙon da ido ya kawo, in sun dace shi kenan, in ba su dace ba ta gyara. Abin da muke kira gani haɗin biyun nan ne, tsammanin ƙwaƙwalwa da gyaran ido. Kuma duk lokacin da saƙon ido ya ragu, tsammanin ne yake rinjaye.

Kowa a guruf ɗin nan ya taɓa shiga ɗaki da daddare an ɗauke wuta ya ga mutum tsaye a bayan ƙofa, gabansa ya faɗi, ya haska tocilar waya ya ga ashe babbar riga ce a rataye a ƙusa. A daƙiƙar nan fa ba tunanin mutum ka yi ba, mutum ka gani, da kafaɗa da kai har da tsayuwarsa. Hasken ya yi kaɗan, ido ya kawo wani baƙin abu dogo kawai, ƙwaƙwalwa ta cike ragowar da abin da ta fi tsoro, don gara ta ɗauki riga a matsayin ɓarawo sau 100 da ta ɗauki ɓarawo a matsayin riga sau 1. Ai shi ya sa ake cewa wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Tsumman bai canza ba, wanda bai taɓa shan sara ba tsumma zai gani ya wuce abinsa.

Ga ma wanda muke yi kullum a wayoyinmu ba mu lura. In na rubuto muku mai tumatir ya kasa kaya a kasa ya kasa sayarwa, ba ƙugiya ba komai, akwai wanda zai rikice? Kasa guda 3 ne, rubutunsu iri ɗaya sak, amma ta farko jera kaya kashi-kashi ce, ta biyu ƙasa ce ta takawa, ta uku gazawa ce, kuma da murya daban-daban kowa ya karanta su a ransa, ba wanda ya kawo kasa macijiya. Ko Inna ta aike ni gari in sayo gari. Rubutun boko ba ya nuna hawa da saukar murya, ba ya nuna jan wasali, kenan wannan muryar da kika ji a ranki ba daga takardar ta fito ba, ke kika zo da ita. Bature mai koyon Hausa a nan yake shan wahala don shi ƙwaƙwalwarsa ba ta da abin da za ta cike da shi. Haka in sabis yana yankewa kina waya da wadda kika saba da ita, rabin kalmomin ba su iso ba amma kin ji zancen tsaf, in baƙo ne kuma yana maganar da ba ki san kanta ba sai ki yi ta cewa me ka ce.

Yanzu ina so kowa ya gwada wani abu, har yara. Ka miƙe hannayenka biyu a gabanka, manyan yatsu a tsaye suna taɓa juna. Rufe idon hagu. Da idon dama ka kafe babban yatsan hagu da kallo kar ka motsa idon, sai ka riƙa jan hannun dama a hankali zuwa dama. In ya yi nisa kamar tsawon tafin hannu za ka ga kan yatsan daman ya ɓace ɓat, in ka ƙara ja ya dawo. Dalili shi ne a bayan kowane ido akwai inda jijiyar gani take fita ta tafi ƙwaƙwalwa, wurin nan ba shi da ƙwayoyin da ke karɓar haske ko ɗaya, makaho ne. Wani Bafaranshe Mariotte shi ya bayyana wannan tun wajen 1660. To abin lura, da yatsan ya ɓace baƙin rami ka gani a wurin? A'a, bango ka gani ko labule, duk abin da ke kewaye da wurin ƙwaƙwalwa ta shafe shi da shi kamar mai yaɓe. Tun ranar da aka haife mu take mana wannan cikon kuma ba wanda ya taɓa kama ta.

Kuma kar wani ya ce wannan ilimin Turawa ne na jiya-jiya. Ibnul Haisam, haifaffen Basra wajen shekarar 965, ya zauna a Alƙahira, shi ya rubuta Kitabul Manazir, shi ya tsayar da hujja cewa haske daga abu yake tahowa ya shiga ido. A cikin littafin ya yi bayanin cewa abin da ido yake karɓa haske ne da launi, amma sanin nisan abu da girmansa da ko mene ne, wannan sai da kwatantawa da abin da mutum ya riga ya sani, kuma yana faruwa da saurin da mutum ba ya ma sanin ya yi. Har misalin mai karatu ya kawo, wanda yake gane kalmar da ya saba da ita da kallo ɗaya ba sai ya bi harafi-harafi ba. Sai bayan sama da shekara 800 wani Bajamushe Helmholtz ya zo a 1867 ya faɗi kusan wannan maganar, ya ce gani hukunci ne da ƙwaƙwalwa take yankewa ba da sanin mai ita ba.

Akwai labarin da nake matuƙar so, Kawu na san ka san shi, Ibn Khallikan ya kawo a tarihin Iyas ɗan Mu'awiya alƙalin Basra. Mutane sun fita duban watan Ramadan, cikinsu har da Anas ɗan Malik, Allah ya ƙara masa yarda, lokacin ya kusa shekara 100. Sai Anas ya ce ga shi can na gan shi, yana nunawa, kowa ya duba bai ga komai ba. Iyas ya kalli fuskarsa sai ya ga wani silin gashin gira ya lanƙwaso ta gaban idon, ya sa hannu ya shafe shi ya mayar, sannan ya ce Baban Hamza nuna mana inda watan yake. Ya duba ya ce yanzu ba na ganinsa. Ku duba fa, sahabi ne da ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara 10, ba mai zarginsa da ƙarya. Ya fito neman wani siririn abu lanƙwasasshe a sama, ido ya kawo siririn abu lanƙwasasshe, ƙwaƙwalwa ta ce ga wata. Abin da ya fi burge ni yadda Iyas ya yi, bai ƙaryata dattijo a gaban jama'a ba, bai kuma ce tunda babba ya faɗa shi kenan ba, ya nemi abin da ke tsakanin idon da saman ya kawar cikin ladabi. Ni irin haka nake so mu yi wa Baba.

Su auta za su tuna hoton rigar nan da ya karaɗe intanet a 2015, wasu suna rantsuwa fara ce da ruwan gwal wasu suna rantsuwa shuɗiya ce da baƙi, waya ɗaya hoto ɗaya. Rigar dai shuɗiya ce da baƙi. Abin da ya raba mutane shi ne hoton bai nuna wane irin haske aka ɗauke shi a ciki ba, wanda ƙwaƙwalwarsa ta ɗauka a inuwa rigar take sai ta cire shuɗin ta bar masa fari, wanda ta ɗauka hasken ƙwan lantarki ne mai ruwan ɗorawa sai ta bar masa shuɗi. Mu mata ai mun san wannan a aikace, in za ki sayi shadda a Kwari sai kin ce a fito miki da ita waje ki gani a rana.

Kuma abin yana aiki ta ɗaya gefen ma, abin da ba ka tsammani yana iya tsayawa a gabanka ba ka gan shi ba. A Amurka a 2013 an ba likitoci 24 ƙwararru a karanta hoton huhu wasu hotuna su nemo ƙananan ƙulluwa, ashe an saka hoton ɗan goggon biri a ciki wanda ya fi ƙullun da suke nema girma nesa ba kusa ba, 20 a cikinsu ba su gan shi ba, alhali na'urar da ke bin motsin ido ta nuna yawancinsu sun kalli wurin. Wannan kam mu ma'aikatan lafiya yana tsoratar da mu, shi ya sa in abu ya ɗaure kai ake kiran wani ya sake dubawa.

To mu dawo kan Baba. Kun san yanar idonsa ta yi kauri, na hagun kusan haske da duhu kawai yake bambancewa, na daman ma dishi-dishi, ga suga da yake fama da shi shekaru. Sashen ƙwaƙwalwa mai kula da gani yana ta ƙeya ne, kuma shekara sama da 70 ya saba ana kawo masa saƙo ba dare ba rana. Yanzu saƙon ya ragu ƙwarai, shi kuma bai iya zaman banza ba, sai ƙwayoyinsa su ƙara kaifi su fara motsi da kansu, su fito da abin da suka saba sarrafawa, fuskoki, mutane, zane, dabbobi, ba kuma isasshen saƙo daga ido da zai ce a'a ba haka ba ne. Shi ya sa da magariba abin ya fi zuwa, haske ya ragu, gida ya yi shiru, yana zaune shi kaɗai. Daidai yake da wanda aka yanke wa ƙafa amma yana jin ƙaiƙayi a yatsan da babu shi, ko tsohon da jinsa ya ragu kunnensa yake ta ƙara.

Abin yana da suna a likitance, ana kiransa da sunan Charles Bonnet, wani masani ɗan Janeba ta ƙasar Suwizalan. A 1760 ya rubuta labarin kakansa, dattijo da ya haura shekara 80 mai yanar ido, hankalinsa garau, amma yana ganin maza da mata da tsuntsaye da keken doki da gine-gine suna zuwa suna wucewa, kuma ya san ba gaske ba ne. Ƙananan mutane masu huluna da zane mai maimaituwa a bango suna cikin abin da masu wannan lalurar suka fi faɗa. Alamominta su ne waɗanda kika lissafa da bakinki Yaya, gani ne kawai ba sauti, mai shi ya san ba gaske ba ne, tunaninsa lafiya, kuma idonsa ya yi rauni.

Abin da yake taɓa min zuciya, da yawan tsofaffi ɓoyewa suke yi. Sai na tambaya a hankali, Baba ko kana ganin wasu abubuwa da ka san babu su, sai ka ga mutum ya yi shiru ya kalli ɗan da ya rako shi, sannan ya ce 'yata ya aka yi kika sani. Tsoro suke ji kar a ce sun haukace ko sun ruɗe, a daina shawara da su a gida. Kenan da Baba ya buɗe baki ya gaya miki, amana ce ya ba ki, Allah kaɗai ya san tun yaushe yake riƙe da abin. Don Allah kar yara su mayar da shi abin dariya, kar kuma a riƙa ce masa Baba ba komai fa kai ne dai, don shi a idonsa yaran nan suna nan kamar yadda kike ganin tabarmar. A gaya masa kai tsaye cewa abin sananne ne, daga ido yake, yana da suna, mutane da yawa suna da shi kuma hankalinsu lafiya. Wallahi jin wannan kaɗai yana sauke wa mutum rabin nauyin.

Kawu, Allah ya ƙara girma, maganar addu'a ba wanda zai ce a bari, a ci gaba da azkar da tofi kamar yadda aka saba, Baba ma ya fi mu riƙo da su. Roƙona kawai kar a kawo wanda zai zo ya ce masa an yi masa asiri ko aljanu sun tare a ɗakinsa, don kun ji dai yadda ƙwaƙwalwa take, abin da aka cusa mata shi take nema. Yanzu yara yake gani masu huluna ba ya jin tsoronsu, in aka tsorata shi magariba za ta zame masa abin fargaba a ɗakin da yake kwana, kuma damuwa da rashin barci suna ƙara abin.

Abin da za a yi daga gobe, a sa masa ƙwai mai haske sosai a ɗakin, a sami fitila mai caji a ajiye kusa da shi saboda ɗaukewar wuta, a kunna tun kafin duhu ya shiga. Kar a riƙa barinsa shi kaɗai tsakanin magariba da isha, ko rediyo a kunna masa ko jikoki su zauna hira. In abin ya zo ya ƙifta ido da sauri, ko ya juya idon hagu da dama hagu da dama ba tare da ya juya kai ba, ko ya tashi ya canza wuri, wasu yana ɗauke musu nan take. Wasu abin yakan ragu da kansa cikin shekara 1 ko 2, wasu yakan daɗe, amma in aka gyara ganin, misali aka cire yanar, sau da yawa yana raguwa sosai ko ya tafi.

Amma Yaya ki riƙe wannan da kyau, ni ban duba shi ba, daga bayaninki nake magana. In kika ga ya fara jin muryoyi, ko yana mayar musu da magana yana cewa a kawo musu abinci, ko ya rikice bai san inda yake ba, ko ya fara manta sunayen mutanen gida, ko zazzaɓi, ko barci mai yawa da rana, ko hannu ya fara rawa tafiya ta canza, to wannan wani abu ne daban, kar a jira ni, a kai shi asibiti a ranar. Tsoho ko ciwon fitsari ko faɗuwar suga yana iya rikita shi, haka wasu magunguna.

Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan taho bayan na tashi aiki, Asabar da safe mu kai shi a auna idon gaba ɗaya, a duba yanar, a auna hawan jinin ido, a leƙa bayan idon saboda sugan. Za a ɗiga masa maganin da ke buɗe ƙwayar ido, zai yi 'yan awanni yana ganin dishi-dishi kuma rana za ta dame shi, to a taho da baƙin gilashi in akwai. Ki haɗa min duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har na gargajiya da na ɗigawa, da katinsa na asibiti da tsohon gilashinsa. Kuma in bai yi barci ba yanzu ki kai masa wayar, ina so in gaya masa da bakina.